Shari'ar Armour da Birnin Indianapolis

Armour v. City of Indianapolis shari'a ce da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kanta ranar 4 ga watan Yuni, 2012. Wasu masu gidaje ne a birnin Indianapolis na jihar Indiana suka kai ƙarar hukumar birnin kan kuɗin shimfiɗa bututun kwashe ƙazanta a unguwarsu. Kotun ta bai wa birnin gaskiya da rinjayen alƙalai shida, uku suka saɓa.

Asalin harajin

A biranen Amurka da yawa, idan hukuma ta yi aikin da wata unguwa kaɗai za ta amfana da shi, kamar kwalta, bututun ruwan sha ko magudanar ƙazanta, takan raba kuɗin aikin a kan masu filayen da ke bakin aikin. Hujjar ita ce aikin yana ƙara wa filin daraja, don haka mai filin ya kamata ya biya, ba dukan mutanen gari ba. Rigima kan wannan haraji ta daɗe. A shari'ar Londoner da birnin Denver ta 1908, wadda ta shafi kuɗin shimfiɗa titi, Kotun Ƙoli ta ce dole a saurari mai fili kafin a tsayar da abin da zai biya.

A Indiana, dokar da ta tsara wannan rabo ana kiranta Dokar Barrett. Ta tanadi a raba kuɗin daidai tsakanin filayen da abin ya shafa, ta kuma bai wa mai gida zaɓi: ko ya biya a dunƙule, ko ya riƙa biya kashi-kashi.

Yadda rigimar ta taso

Aikin da ake kira Brisbane/Manning ya haɗa gidaje kusan 180 da bututun birnin. A shekarar 2004 aka yanka wa kowane gida dala 9,278. Masu gidaje 38 suka biya a dunƙule. Sauran suka zaɓi biya cikin shekara 10, 20 ko 30, da kuɗin ruwa kashi 3.5 cikin ɗari.

Shekara guda bayan haka, a 2005, birnin ya yi watsi da tsarin Barrett. Ya kawo sabon shiri na raba gidaje da ramukan sokawe, wanda a ciki kowane gida zai biya dala 2,500 kawai, birnin kuma ya ciko sauran ta hanyar sayar da takardun lamuni. Daga nan hukumar ayyuka ta birnin ta yafe duk bashin Barrett da ya rage daga 1 ga watan Nuwamba, 2005, amma ba ta mayar wa kowa da ko sisi ba. Sai ya zama maƙwabta biyu a layi ɗaya, bututu ɗaya, ɗaya ya biya dala 9,278, ɗayan kuwa dala 309.27 ya tsira. Bambancin ninki talatin ne, kuma ya faɗa kan waɗanda suka yi gaggawar sauke nauyinsu.

Mutum 31 daga cikin 38 ɗin suka shigar da ƙara, suna cewa an tauye musu 'yancin daidaito a gaban doka da gyara na 14 na kundin tsarin mulkin Amurka ya tanada. Sun yi nasara a kotun farko da kotun ɗaukaka ƙara, amma Kotun Ƙolin Indiana ta soke hukuncin.

Hukunci

Mai Shari'a Stephen Breyer ne ya rubuta ra'ayin masu rinjaye. Ya ce tunda batun na haraji ne, bai shafi wani babban 'yanci ko wariyar launin fata ba, abin da ake nema daga birnin shi ne dalili da hankali zai ɗauka, ba sai dalilin da ya fi kowane kyau ba. Birnin kuwa yana da shi. Da ya ci gaba da karɓar bashin, da sai ya riƙe ma'aikata da rumbun bayanai na shekaru masu yawa domin bin ƙananan kuɗaɗe, wasu ba su wuce dala 26 a wata ba. Da kuma ya mayar wa masu ƙarar kuɗinsu, da mutanen sauran ayyukan Barrett su ma sun taso, sai a koma lissafin kowane gida da neman inda kuɗin za su fito.

Alƙalin Alƙalai John Roberts ya saɓa, tare da Antonin Scalia da Samuel Alito. A ganinsa dokar Indiana da kanta ta yi alkawarin rabo daidai, kuma birnin yana da takardun da suka nuna abin da kowa ya biya, don haka lissafin ba wani abu ne mai wuya ba. Ya kafa hujja da shari'ar kamfanin kwal na Allegheny Pittsburgh ta 1989, inda kotun ta soke harajin filaye da ya bambanta ƙwarai tsakanin filaye masu kama da juna a West Virginia. Masu rinjaye sun amsa cewa a can babu wani dalili da hankali zai ɗauka da aka iya nunawa, a Indianapolis kuwa akwai.