Gigin Tsufa ne ko Aikin Ƙwaya?

Idan tsohuwa ta fara kiran jikarta da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa, mutanen gida kan ce gigin tsufa ne, sai haƙuri. Sau da yawa gaskiyarsu ne. Amma akwai wata ruɗewar mai kama da wannan, wadda daga ledar magani take fitowa, kuma ita ta fi tayar mini da hankali.

Gigin tsufa tafiyar hawainiya yake yi. Bara an manta inda aka ajiye carbi, bana ana maimaita tambaya ɗaya sau biyar, sai an ɗauki shekaru kafin a kasa gane hanyar gida. Magani yana iya lafar da shi, ba ya warkar da shi.

Ruɗewar magani kuwa dirar mikiya take yi. Dattijon da aka sha hira da shi ranar Juma'a, zuwa Lahadi ya koma sambatu, yana ganin mutane a bango, da rana gyangyaɗi, da dare fizge-fizge. Dalilin shi ne ƙoda da hantar tsoho ba sa fitar da magani da sauri, sai ya taru a jiki. Piriton da ake saye a kemis don mura, da amitriptyline, suna danne asetilkolin, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke tuna abubuwa da shi, wanda dama ya ƙaranta ga mai gigin tsufa. Valium da tramadol ma suna rikita tsofaffi. Daonil, maganin ciwon suga, kan kayar da suga ƙasa warwas, musamman ga mai azumi. Ga kuma zafin Gwagwalada a watan Maris da Afrilu: tsoho yana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ba ya shan ruwa sosai, jiki ya bushe, kai ya juye. Tun 1991 wani likitan Amurka, Mark Beers, ya fitar da jerin magungunan da ya kamata a yi kaffa-kaffa da su ga tsofaffi.

Abin da ke ɓatar da mutane shi ne su biyun suna haɗuwa a jiki ɗaya. Mai gigin tsufa ya fi kowa saurin faɗawa ruɗewar magani, shi ne kuma wanda ba za a lura ba, tunda an riga an ce ya rikice. Sai a ƙara masa maganin barci don a samu a runtsa, a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Gigin tsufa na haƙuri ne da jinya, ruɗewar magani kuwa ta gaggawa ce, domin sau da yawa tana warkewa idan an gano ƙwayar. Kada dai a yanke magani a gida, yanke Valium farat ɗaya yana iya kawo jijjiga. A tattara ledar gaba ɗaya, ta asibiti da ta kemis har da jiƙon gargajiya, a kai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja, a faɗa wa likita ranar da abin ya fara da maganin da aka soma sha a wannan makon.