Farin Ok, Katakon Da Ruwa Ba Ya Ratsawa

Manoma, a wannan mako za mu ba ku labarin wani itace na ƙasar Amurka wanda ake kira farin ok. Yana tsirowa a gabashin ƙasar, tun daga kan iyakar Kanada har zuwa arewacin Fulorida. Tsawonsa yakan kai ƙafa 80 zuwa 100, yakan kuma yi shekara 300 a tsaye. Wani da iska ta kayar a jihar Merilan cikin 2002 ya haura shekara 400.

Abin da ya sa katakonsa ya yi suna shi ne ruwa ba ya ratsa shi. A cikin itace akwai 'yan ƙananan hanyoyi da ruwa yake bi. To, na farin ok, idan cikinsa ya ƙosa, sai su toshe da kansu. Ɗan'uwansa jan ok kuwa nasa a buɗe suke, har idan ka tsoma guntunsa a ruwa ka hura ɗaya bakin, sai ka ga kumfa tana fita. Saboda haka da farin ake yin gangunan ajiye ruwa da giya, da jiragen ruwa, da shikashikan shinge, da daɓen ɗaki, da kujeru. Jirgin yaƙin nan Constitution, wanda aka sa a ruwa cikin 1797, da shi aka yi bangonsa. A yaƙinsu da Ingila na 1812 an ga harsasan igwa suna bugunsa suna faɗawa ruwa.

Amma fa katako ne mai son haƙuri. Idan aka shanya shi da gaggawa sai ya tsattsage ya karkace. Masassaƙa sukan ba falanki mai kaurin inci 1 wajen shekara guda a inuwa. Sa'an nan ba ya shiri da baƙin ƙarfe, domin idan ƙusa ta sami laima, sai gurbinta ya yi baƙi ƙirin. Don haka kafinta yakan fara huda shi, ya ɗaure da ƙusar tagulla.

Yanzu ga abin da ya dami manoman can masu kurmi a gonakinsu. Manyan itatuwan suna nan da yawa, amma ƙananan da za su gaje su sun yi kaɗan. Tsiron ok yana son rana, ga shi waɗansu itatuwa masu jure inuwa sun rufe shi, bareyi kuma suna cinye tohonsa. Shi kuwa yakan yi kamar shekara 80 kafin ya isa yanka. Cikin 2017 masu kurmi da masu masana'antu suka kafa ƙungiya don ceton sa. Shawarar da ake ba manomi ita ce ya rage itatuwan da ke ƙasa, haske ya shiga, kada kuwa ya sare babba sai ya ga tsiro ya kafu.

Mu ma da ke saran maɗaci da ƙirya, sai mu duba ko mun bar musu magaji.