Ƙanƙara ta kayar da jirgina a saman Ajingi

Hutun daminar bara a gida Gaya na yi shi, kuma rabin hutun ya ƙare ne a gaban kwamfutar yayana. Akwai manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama a cikinta, X-Plane 11. Wata rana da la'asar na ɗauki King Air daga filin jirgin Malam Aminu Kano na nufi Maiduguri, don hanyar tana bi ta saman yankinmu, Ajingi a ƙarƙashina, Gaya ta hannun dama. Na cika sama da gajimare irin na watan Agusta, na danna na'urar da ke tuƙi da kanta, na koma kan gyaɗata.

Wajen ƙafa 18,000 sai gudu ya fara raguwa alhali ban taɓa komai ba. Hancin jirgi yana ta ɗagawa. Kafin in ankara ya karkata, ya yi ƙasa yana juyi. Na yi ta ja, a banza. Ƙanena da ke gefe har da tafi.

Da farko na ce manhajar ce ta haukace. Ƙanƙara a Kano? Mu da fanka ba ta isar mu? Ashe ni ne ban yi lissafi ba, lissafin da ɗan aji ɗaya zai yi a bayan takarda. Duk ƙafa 1,000 da ka hau, zafin iska yana sauka da kusan digiri 2. Idan Gaya tana kan digiri 30, to ƙafa 15,000 a saman kanka an kai sifili. Shaidar ma muna ganinta: ƙanƙarar da kan zubo da damina ta yayyage ganyen dawa ai ba daga Turai aka kawo ta ba, a cikin hadarinmu take haɗuwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwan da ke cikin gajimare ba ya daskarewa da zarar an kai sifili. Ƙananan ɗigo suna iya zama a ruwansu har kusan digiri 40 ƙasa da sifili, matuƙar ba su sami abin da za su kama ba. Jirgi na ratsawa, sai su daki gaban fiffike su daskare nan take. Masu ƙanana sukan bar farar ƙanƙara mai kaushi. Manya kuwa sai sun ɗan gangara baya kafin su daskare, su zama garau kamar gilashi, kuma ita ce mafi sharri don ba ta saurin ganuwa.

Yawancinmu za mu ce nauyi ne matsalar. Nauyin yana ciki, amma ƙarami ne. Fiffike yana ɗaga jirgi ne saboda siffarsa, yadda iska ke bin bayansa sumul. Ƙanƙara ko da kaurinta bai fi na takardar goge katako ba tana ɓata wannan siffa. Ɗagawa ta ragu, turjiyar iska ta ƙaru, kuma fiffiken yakan saki iska a gudun da a da yake tafiya lafiya lau. Abin da ya same ni ke nan. Na'urar tuƙin tana ta ɗaga hanci don ta riƙe hawan da na umarce ta, ta ɓoye mini matsalar har sai da fiffike ya gaza. Maɓallan kariya kuwa suna nan a gabana ban kunna ko ɗaya ba: robar gaban fiffike da ake hura wa iska ta kumbura ta farfasa ƙanƙara, da wutar ɗumama farfela, da ta bututun Pitot.

Wannan bututun, ɗan siriri a jikin jirgi, da shi ake auna gudu. In ya toshe, agogon gudu sai ya yi wa matuƙi ƙarya. Haka aka yi da jirgin Air France 447 daga Brazil zuwa Faransa ranar 1 ga Yuni 2009, mutum 228 suka rasu a tekun Atlantika. Kusa da mu ma an yi. Ranar 24 ga Yuli 2014 jirgin Air Algérie 5017 ya tashi daga Wagadugu zuwa Aljeriya, ya faɗi kusa da Gossi a Mali da mutum 116. Masu bincike sun gano cewa ƙanƙara ta toshe na'urorin auna matsin injin, ba a kunna ɗumamarsu ba, sai kwamfutar jirgin ta ɗauka ƙarfi ya yi yawa ta rage shi, gudu ya zube. Damina ce, Sahel ce, irin samanmu. Da na karanta rahoton sai dariyar faɗuwata ta fita daga raina.

To ina manhajar take da gaskiya, ina take da gyara? X-Plane tana yanka fiffike gunduwa-gunduwa a lissafi tana auna ƙarfin iska a kan kowace, shi ya sa in ta rage ingancin fiffike kana ganin sakamakon a gudu da hawa. Microsoft Flight Simulator na 2020 ya fi ta kwalliya, kana kallon ƙanƙara tana rufe gilashin gaba, har akwai zaɓin a bar ta ado kawai ba ta taɓa tafiyar jirgi. A ganina mai son koyo bai kamata ya taɓa wannan zaɓin ba. Amma duka biyun kintace suke yi. Ƙanƙarar gaske ba ta taruwa daidai a fukafukai biyu, wani lokaci ma jelar jirgi take fara kamawa. Kuma kujerar roba a ɗakin yayana ba za ta taɓa yin rawar da jirgi ke yi wa matuƙi gargaɗi da ita ba.

Ga masu harin Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya bayan difloma, da 'yan sashen injiniya, ku gwada wannan: in kwamfutarku ba ta da ƙarfi, FlightGear kyauta ce. Ku sa gajimare mai kauri, ku hau inda ma'aunin zafin waje ya sauka ƙasa da sifili, ku kashe na'urar tuƙi, ku zuba wa agogon gudu ido.

Washegari na sake tashi a hanyar. Kafin in shiga gajimare na kunna ɗumama duka, da gudu ya fara ja baya a saman Ajingi na sauko ƙafa 11,000 inda iska ke da ɗumi, ya dawo daidai. Saura kaɗan in hango Maiduguri aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuma dama ya daɗe da mutuwa.