Rawar da Inzayim NMNAT2 ke Takawa Wajen Kare Jijiyoyin Saƙo

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin bayani a kan wani inzayim da ake samu da yawa a ƙwaƙwalwar ɗan Adam, wanda masana suka laƙaba wa suna NMNAT2. Abin da muke nufi da inzayim shi ne wani nau'in furotin mai gaggauta sarrafa sinadarai a cikin ƙwayoyin halittar jiki. Da yake kalmar "jijiya" tana da faɗi a Hausa, za mu riƙa cewa "jijiyar saƙo" domin bambanta ta da jijiyar jini.

2.0 Aikin Inzayim Ɗin

Kowace ƙwayar jijiyar saƙo tana da uwar jiki, da kuma wani dogon zare wanda saƙo ke bi. Wani zaren yakan kai tsawon mita ɗaya, kamar wanda ya taso daga ƙarshen laka zuwa yatsun ƙafa. Zaren ba ya rayuwa sai da wani sinadari mai suna NAD, wanda jiki ke haɗawa daga bitamin B3, kuma da shi ƙwayoyin halitta ke tatsar ƙarfi daga abinci. Aikin NMNAT2 shi ne juya wani sinadari da ake kira NMN ya koma NAD.

A uwar jikin ƙwayar ake ƙera wannan inzayim, sannan a yi jigilarsa zuwa cikin zaren. A shekarar 2010 Jonathan Gilley da Michael Coleman, a Ingila, suka nuna cewa sa'o'i kaɗan yake yi ya lalace. Ke nan dole ne jigilar ta ci gaba dare da rana.

3.0 Yadda Zaren Jijiya ke Mutuwa

Tun a shekarar 1850 Augustus Waller ya yanke jijiyoyin kwaɗi, ya lura cewa ɓangaren da ya rabu da uwar jiki yakan rududduge. An daɗe ana zaton mutuwar tasa irin ta reshen da aka sare ce, wato bushewa don rashin abinci. Wannan zato ya yi rauni a 1989, lokacin da aka gano wani irin ɓera a Jami'ar Okusfod wanda jijiyarsa kan yi makonni biyu ko fiye bayan an yanke ta, alhali ta sauran ɓeraye ba ta wuce kwana biyu. Daga baya bincike ya nuna cewa ɓeran yana ƙera wani furotin mai jurewa, wanda ke yin aikin NMNAT2 bayan shi ya ƙare.

A 2012 aka tabbatar cewa wani furotin, SARM1, shi ne ke zartar da rushewar, kuma a 2017 masana a Amurka suka gano cewa shi ma inzayim ne, mai farfasa NAD. Ga yadda abin yake: idan jigila ta tsaya, sai NMNAT2 ya ƙare, NMN ya taru, NAD ya ragu. Wannan sauyi shi ke ta da SARM1, shi kuwa ya cinye ɗan abin da ya saura, zaren ya mutu.

4.0 Dangantakarsa da Lafiya

Ba yanka kaɗai ke tsayar da jigilar ba. Gwaje-gwaje a kan dabbobi sun nuna cewa wasu magungunan ciwon daji, irin su binkiristin, ta wannan hanya suke lalata jijiya, kuma ɓerayen da aka cire wa SARM1 sun sami kariya mai yawa. Haka kuma a 2019 an ba da rahoton yaran da suka gaji NMNAT2 mai naƙasu, suka kamu da ciwon jijiyoyi tun suna ƙanana.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, mun ga cewa rushewar zaren jijiya aiki ne mai tsari wanda jiki ke gudanarwa da kansa, mataki bayan mataki. Abin da ke da matakai kuwa ana iya tare shi a hanya, shi ya sa masana suka duƙufa wajen neman magungunan da za su danne SARM1. Shawararmu ga malaman kimiyya ita ce su shigar da wannan fahimta cikin darussansu, su kuma haɗa kai da masana harshe wajen daidaita kalmomin wannan fanni a Hausa.