Harshen da ake ajiyewa a ƙofar makaranta

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Lamorde, cikin ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu, lokacin da 'yan sakandare suka taso, Hausa zai ji tana tashi, sai Fulatanci jefi-jefi. Sai ya ɗauka yaran nan duk tushensu ɗaya. Alhali idan ya bi su gida zai tarar wannan Gude ake yi a tsakar gidansu, wancan Fali ne daga Vimtim ko Muchalla, waccan kuma iyayenta Njanyi ne daga Maiha. Ga Margi na Madagali, ga Kamwe na Michika, ga Kilba na Hong.

Mubi ta daɗe da wannan cakuɗa. Ita ce hedkwatar Lardin Sardauna bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, wadda ta haɗe arewacin Kamarun Ingila da Najeriya. Kasuwar shanu ta jawo baƙi, kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar jiha suka ƙara jawo wasu. Daga baya rikicin Boko Haram ya koro iyalai daga Michika da Madagali da Gwoza. Ita kanta Mubin ta faɗa hannun mayaƙan a Oktoban 2014, aka ƙwato ta cikin Nuwamba. Yaran da aka goya a wancan gudun hijira su ne ke ƙaramar sakandare yau.

Hausa ce ta haɗa kan waɗannan yara, kuma babu mai raina wannan aiki. Amma mu da muka sha ta a nono ba kasafai muke lura da abin da wasu ke biya kafin su shiga cikinta ba. Yaro ɗan shekara 13 da ya baro ƙauyen kan dutse ya zo zama wajen kawunsa, ranar farko ya ce "yarinya ya zo", aji ya kwashe da dariya. Kafin a tashi tara an laƙaba masa suna. Daga nan sai ya koma kujerar baya, ya daina ɗaga hannu ko da ya san amsa. Idan mahaifiyarsa ta biyo shi makaranta ta yi masa magana da harshensu gaban abokai, sai ya amsa da Hausa, yana kallon ƙasa. Malami kuwa ya rubuta a katin sakamako cewa yaron ba ya ƙoƙari.

Manufar gwamnati ba ta taɓa isa wurin wannan yaro ba. Tsarin ilimi na ƙasa ya daɗe yana cewa a fara koyar da yara da harshen uwa ko harshen da ya fi yawa a muhallinsu, wanda a Mubi yake nufin Hausa. A 2022 aka ce harshen uwa zai riƙe shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya soke wannan tsari, ya ce a koma Turanci. Ɗan Gude dai bai ga littafin lissafi da harshensa ba kafin sokewar, balle bayanta.

A ganina ma ba a takardar Abuja ake yanke wannan shari'a ba. Ana yanke ta ne ranar da za a naɗa shugabannin ɗalibai: daga wane gida suke fitowa kullum? Ana yanke ta a lokacin darasin addini, inda aji ke rabuwa biyu, a ga ko za su sake haɗuwa kan kwanon ɗanwake ɗaya bayan an buga ƙararrawa. Filin ƙwallo ya fi kowane darasi iya haɗa kan yara, don mai tsaron gida nagari babu mai tambayar ƙabilarsa.

A ƙarshen 2024 Gwamna Ahmadu Fintiri ya ƙirƙiro sababbin masarautu, ciki har da Michika da Madagali da Maiha waɗanda a da ke ƙarƙashin Mubi. Manya sun samu sandunansu. 'Ya'yansu da ke karatu a Lamorde kuwa lamarinsu na hannun shugaban makaranta da malamin aji, waɗanda za su iya hana laƙabin tun ranar farko, su kuma bar yaro ya gaida taron safe da harshen gidansu.