Horace da kuɗin hayar takalmin ƙanƙara

A shekarun 1980, kaset ɗin da ɗan kasuwar Filinge ke zuba wa rediyonsa don sauraren waƙa ko wa'azi, shi ne dai yaran Ingila ke amfani da shi wajen loda wasa cikin kwamfuta. A watan Afrilu na 1982 ne Clive Sinclair ya fito da ZX Spectrum, ƴar ƙaramar na'ura wadda ake jonawa da talabijin ɗin gida. Mai arha cikinsu fam 125 ce, abin da ƙaramin ma'aikaci ke iya tarawa, shi ya sa aka sayar da kimanin miliyan 5.

A wannan shekara, wani matashi mai suna William Tang, ma'aikacin kamfanin Beam Software da ke birnin Melbon na ƙasar Ostareliya, ya tsara wasan Horace Goes Skiing. Ga mutumen Kurfai da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, abin da ake nufi shi ne sulɓi daga kan dutse bisa dogayen katakai biyu da ake ɗaurawa a ƙafa.

Amma kafin sulɓi sai an yi lissafi. Horace na farawa da dala 40, ta Turawa ba dalarmu ta sefa ba. Dole ya tsallake titi mai cike da motoci ya yi hayar katakan a kan dala 10, sannan ya sake tsallakowa. In mota ta buge shi, motar asibiti za ta ci dala 10. In ya yi karo da itace katakan suka karye, sai ya koma haya. Ranar da aljihu ya bushe, wasa ya ƙare. Duk mai ɗauko kaya daga Yamai ya san wannan karatu: hatsarin hanya cikin jari yake ci.

Shi kansa Sinclair bai tsira ba. Bayan ya yi asara a kan ƴar motarsa mai aiki da batir a 1985, sai ya sayar wa kamfanin Amstrad harkar kwamfutocinsa kan fam miliyan 5 a 1986. Ya rasu a 2021. Masu iya magana sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Allah shi tsare mana jari.