Titi Ba Kowa, Amma Mutuwa Ta Ƙaru: Darasi Daga Annobar Korona

A ranar 11 ga Maris, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar korona a matsayin annobar da ta game duniya. Kafin wata ya zagayo, gwamnatoci sun umarci jama'a su zauna a gida. Duk wanda ya ga titunan Kano a watan Afrilun shekarar, zai tuna yadda hanyoyin da aka saba kwashe awa guda cikin cunkoso suka koma wayam. Haka abin ya kasance a manyan biranen duniya. A tunanin kowa, tun da motoci sun ragu, dole haɗari ya ragu. Shin haka aka yi kuwa?

Bari mu ɗauki Amurka a matsayin misali, domin ƙasa ce mai adana ƙididdiga. A shekarar 2020, yawan tafiyar da motoci suka yi a ƙasar ya ragu da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Amma waɗanda suka rasu a kan hanya sun ƙaru, daga kimanin 36,000 a 2019 zuwa kusan 39,000 a 2020, sannan suka kai wajen 43,000 a 2021. Da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ta bi diddigi, sai ta tarar da abubuwa uku: mace-macen da ke da nasaba da gudun wuce sa'a sun ƙaru da kashi 17 cikin ɗari, na tuƙi cikin maye da kashi 14, na waɗanda ba su ɗaura bel ba su ma da kashi 14. Ashe cunkoson nan da muke tsinewa, shi ne ke riƙe ƙafar direbobi da yawa daga taka totur. Da titi ya buɗe, sai hali ya fito.

To, me ya sa gudu ke kisa haka? Amsar tana cikin jikin ɗan Adam. Idan yaro ya faɗo titi, sai ido ya aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta yanke shawara, ta aika umarni ta cikin laka zuwa tsokar ƙafa, kafin a taka birki. Wannan aiki yakan ci daƙiƙa ɗaya ko fiye, ko da direba lafiyayye ne. A cikin daƙiƙar nan, motar da ke gudun kilomita 50 a awa ta riga ta shafe mita 14, mai gudun kilomita 100 kuwa mita 28. Barasa, ƙwaya da gyangyaɗi suna ƙara tsawaita wannan lokaci.

Bugu da ƙari, ɗaliban kimiyya sun san cewa idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin karo yana ninkuwa sau huɗu. Karo a kan gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato kamar bene mai hawa uku. A kan kilomita 100, tsayin ya kusa mita 40. Lokacin da mota ta tsaya farat ɗaya, kayan cikin jiki suna ci gaba da tafiya: ƙwaƙwalwa ta bugi ƙoƙon kai, hanta da saifa su tsage, jini ya zuba a ciki inda ido ba ya gani. Injiniya na iya ƙara wa mota ƙarfi kowace shekara, amma ƙashin mutum yana nan yadda aka halicce shi.

Sai dai ba ko'ina ne labarin ya zama irin na Amurka ba. A ƙasashen Tarayyar Turai, mace-macen hanya sun ragu da kimanin kashi 17 cikin ɗari a 2020, zuwa wajen 18,800. Wasu biranensu ma sun ƙara ɗaure ɗamara. A shekarar 2021, Burasal da Faris sun ƙayyade gudu a akasarin titunansu zuwa kilomita 30 a awa, domin a wannan gudun mafi yawan masu tafiya a ƙasa sukan tsira da rai idan mota ta buge su. Cuta ɗaya ce, amma sakamako ya bambanta gwargwadon doka, tsarin titi da tarbiyyar direbobi.

Wannan batu ya shafe ku kai tsaye, ya ku ɗalibai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗarin hanya ya kashe mutum miliyan 1.19 a 2021, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Titin da ba kowa yana zuwa mana kullum ba tare da annoba ba: da asuba, da tsakar dare, da ranakun hutu. A irin wannan lokaci ya kamata mai tsallaka titi ya ƙara lura, fasinja ya ɗaura bel, kuma kada ya ji nauyin cewa, "Malam direba, a sassauta." Malamai kuma za su iya fita fili da ɗalibai a auna mita 28 da igiya, kowa ya ga nisan da idonsa. Hausawa sun ce, tafiya sannu-sannu kwana nesa. Allah Ya kiyaye hanya, amin.